Darasin da Zaman Kulle Ya Bar wa 'Yan Kasuwa

Ranar 27 ga watan Fabrairu 2020 ne aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, kuma ranar 30 ga watan Maris Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana fita a jihohin Legas da Ogun da kuma Babban Birnin Tarayya, Abuja. Kaduna ta riga ta rufe nata ƙofofin, Kano ta biyo baya cikin watan Afrilu, sa'an nan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon watan Yuli. Yau an wuce wannan zamani, kasuwanni sun cika, motoci suna ta kai-komo kamar da. Sai dai akwai wani darasi da watannin nan suka koyar, wanda ya kamata duk mai dukiya a kasuwa ya sake dubawa, domin alamu sun nuna cewa da yawa daga cikinmu sun ji zafin abin, amma ba su ɗauki karatun ba.

Sanin kowa ne cewa waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne masu fita yau su samo na yau. 'Yan dako a kasuwar Mile 12, da masu shayi da masu tsire a Agege da Idi-Araba, da 'yan ga-ruwa a unguwannin Abuja, da ƙananan dillalai a Sabon Badun, duk sun wayi gari babu wurin zuwa. 'Yan acaɓar Legas kuwa, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne, dama tun 1 ga watan Fabrairu gwamnatin jihar ta hana su aiki a wasu ƙananan hukumomi da manyan tituna, sai kulle ya zo ya ƙara musu nauyi a kan nauyi. An bar motocin abinci su wuce, amma kasuwar da za a sauke kayan ba ta buɗewa sai na 'yan sa'o'i, kuma tumatir da tattasai ba sa jiran kowa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna girman ɓarnar. Tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 daga cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni 2020, ya sake raguwa a watanni uku na gaba. Rashin aikin yi ya kai kashi 27.1 daga cikin ɗari a tsakiyar shekarar, ya haura zuwa kashi 33.3 a ƙarshenta, bisa tsarin lissafin da hukumar take amfani da shi kafin ta sauya shi a 2023. To, amma a cikin waɗannan watanni ukun da komi yake faɗuwa, sashen sadarwa ya bunƙasa da kimanin kashi 18 daga cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce kuɗi bai daina gudana ba, hanya ya sake. Ya bar titi da rumfa ya koma cikin wayar hannu, kuma wanda ya tare shi a can shi ya ci riba.

Babu inda wannan sauyi ya fi fitowa fili kamar wajen neman aiki. A da, mai neman aiki yakan rubuta takarda ya sa a ambulan, ya bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa kawunsa ya kama hannunsa ya kai shi wajen wani maigida a kasuwa. Da aka rufe ofisoshi sai wannan hanya ta toshe. Lokacin da aka buɗe rajistar rukuni na uku na shirin N-Power ranar 26 ga watan Yuni 2020, ta intanet kaɗai ake nema, kuma sama da mutum miliyan biyar ne suka cika takardar. Ana bukatar mai nema ya kasance yana da adireshin imel, da lambar BVN ta banki, ya kuma iya ɗora hotonsa da takardun shaidarsa. Kamfanoni masu zaman kansu su ma suka koma yi wa masu neman aiki tambayoyi ta manhajar Zoom. Ko Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta intanet ta fara zama a watan Mayu na shekarar.

Abin lura shi ne, bayan an ɗage kulle, wannan tsari bai koma yadda yake ba. Ɗaukar 'yan sanda da jami'an kwastan da na shige da fice duk ta intanet ake farawa, a kuma yi jarrabawa a kan kwamfuta. Saurayin da ya gama sakandare, yana da ƙarfi da hankali da riƙon amana, amma bai taɓa buɗe imel ba, an riga an cire shi daga layi tun kafin a ga fuskarsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan samari suna nan a shagunanmu, su ne yaranmu da ƙannenmu. Suna riƙe da manyan wayoyi, sun san duk wasan da ya fito a makon nan, amma in aka ce a cika takardar neman aiki sai sun je shagon intanet sun biya wani ya cika musu, wani lokaci ma da kuskure a suna ko ranar haihuwa, kuskuren da zai bi su shekara da shekaru.

Su kansu iyayen gida ba su tsira ba. Babban Bankin Nijeriya ya ware Naira miliyan dubu 50 domin bai wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa rance ta hannun bankin NIRSAL, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa asusun ceto ƙananan masana'antu na Naira miliyan dubu 75. An yi ƙorafi da yawa game da yadda aka raba kuɗin, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da tushe. Amma akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba. Tallafin biyan albashin ma'aikata yana bukatar kamfani mai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da sunayen ma'aikata da lambobin bankinsu. Attajirin da yake juya miliyoyi a harkar shanu ko hatsi, alhali lissafinsa duk yana cikin kansa da aljihun babbar rigarsa, a idon takarda babu shi. Wanda bai kai shi jari ba, amma yana da rajista da asusu, shi ya shiga layi.

Sai kuma batun kallo. Zaman gida dole ya tara iyalai a gaban akwatin talabijin fiye da kowane lokaci. A nan ake jiran jawabin Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari don jin ko an tsawaita kulle, a nan ake sauraron bayanan kwamitin yaƙi da cutar wanda Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha ya jagoranta. Jihohi da dama sun koma koyar da ɗalibai ta rediyo da talabijin. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Afrilu, masallatai a rufe a wurare da yawa, sai malamai suka riƙa gabatar da tafsiri ta gidajen rediyo da talabijin da shafin Facebook. Masu gidajen kallon ƙwallo kuwa sun yi asara biyu, ga dokar hana taro, ga gasar Firimiya ta Ingila an dakatar da ita daga Maris har tsakiyar Yuni.

Masu shirya finafinan Hausa na daga cikin waɗanda suka fahimci cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya. Kasuwar faifai ta riga ta mutu, gidajen sinima a rufe, sai suka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango. A shekarar 2020 ne Labarina ya fara fitowa a tashar Arewa24, Izzar So kuma ya samu karɓuwa a dandalin YouTube, aka shiga bin su mako-mako daga Kano har Legas da Fatakwal. A ɗaya ɓangaren, kamfanin MultiChoice ya gudanar da shirin Big Brother Naija daga Yuli zuwa Satumba, ya kuma bayyana cewa an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900. Mutum yana iya ƙin abin da ake nunawa a irin wannan shiri, kuma yana da hujjarsa. Amma ɗan kasuwa ya san cewa duk inda idanu suka taru, kasuwa ta ci. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, a cikin wannan taro, mu masu saye ne kawai ko kuwa muna da rumfa? Mu ne muke biyan kuɗin data da na tauraron ɗan'adam da man janareto, amma ba kasafai ake ganin tallar shinkafarmu ko atamfarmu ko kamfanin sufurinmu a tsakiyar shirin ba.

Wani zai ce ai wutar lantarki ba ta tsayawa, data tana da tsada, ga kuma 'yan damfara sun cika intanet da shafukan ɗaukar aiki na ƙarya. Duk wannan gaskiya ne, har ma a watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data da ya kai kashi 50 daga cikin ɗari. Sai dai ɗan damfara ya fi samun wanda bai san hanya ba, kuma tsadar mota ba ta taɓa hana fatake tafiya ba. Bugu da ƙari, an sake gwada mu a farkon 2023, lokacin da sauyin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Mai shagon da yake da na'urar POS da asusun karɓar kuɗi ya ci gaba da ciniki, wanda ya dage sai tsaba ya zauna yana kallon kayansa.

Saboda haka ya zama wajibi kowane mai sana'a ya yi mata rajista, musamman tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. Ya raba asusun kasuwa da na cefanen gida, ya riƙa rubuta shiga da fita. Har ila yau, maigidan da yake koya wa yaronsa awo da ciniki, ya haɗa masa da koyon kwamfuta, ya tabbata yana da lambar shaidar ɗan ƙasa da imel, kuma sunansa iri ɗaya ne a duk takardunsa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da fadojin sarakunan Hausawa a biranen Kudu suna iya ware ɗaki guda a kasuwa, a sa kwamfutoci kaɗan da wutar sola da malami, domin kuɗin hakan bai kai abin da ake kashewa a bikin naɗi guda ba. Ita kuma gwamnati, ya kamata ta riƙa fitar da bayanan ɗaukar aiki da na rance cikin manyan harsunan ƙasa, ta kuma hukunta masu buɗe shafukan bogi da sunanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga watan Mayu 2023. Muna roƙon Allah kada ya maimaita mana irin wannan musiba. Amma annoba, da rikici, da ambaliya, da sauyin manufar gwamnati, kowane ɗaya yana iya sake rufe kasuwa ba tare da sallama ba, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya shirya rumfarsa ta biyu tun yanzu, ranar da aka rufe ta farko yana da wurin komawa.