Haɗeja na buƙatar ajin koyon zanen rubutu

Duk shekarar da Kogin Haɗeja ya fara tumbatsa, gargaɗin ambaliya kan iso mana a takarda mai Turanci da ƙananan haruffa, wadda ba don manomin shinkafa na Auyo ko masuncin Guri aka tsara ta ba. Haka kwalbar maganin feshi: yadda za a sirka shi da ruwa da haɗarin da ke cikinsa duk an cusa su a rubutun da ko mai digiri sai ya ƙanƙance ido. Mun ga ɓarnar da ruwa ya yi wa gonaki da gidaje a 2020 da 2022. Fasta ba za ta tare kogi ba, amma sanarwar da mutum ya gane da kallo ɗaya tana iya sa ya kwashe iyalinsa da hatsinsa da wuri.

Masu buga fasta da bana ba su yi mana kaɗan ba, kuma yaran akwai basira. Sai dai a bayan maigida suka koyi aikin, aikin kuwa bai wuce hoton ɗan takara da katin biki da walimar sauka ba. Babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu girman harafin da za a iya karantawa daga kan babur, ko launin da ba ya koɗewa a ranar bazara. Ɓ da ɗ da ƙ ma sau da yawa sai a bar su ba lanƙwasa, don samfurin haruffan da ke kwamfutar ba shi da su.

Wani mutum nake so mu duba, Henri Friedlaender, mai zanen haruffa da ya yi aiki a Isra'ila. Na san abin da sunan Isra'ila ke tayarwa a zukatanmu, ni ma ina jin zafin halin da Falasɗinawa ke ciki, amma sana'ar hannunsa nake magana a kai. An haife shi a Faransa a 1904, ya koyi ɗab'i da zanen haruffa a Jamus, ya koma Holan, inda ya ɓuya wa 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun shekarun 1930 yake fama da zana wa Ibrananci haruffan da za su dace da injin zamani, bai ga fitowarsu ba sai 1958, da sunan Hadassah. A 1950 ya koma Isra'ila ya shugabanci makarantar koyon ɗab'i a Birnin Ƙudus. Wannan ɓangaren ya fi burge ni: gwanin da bai raina tsayawa a kan yara masu koyon jera haruffa ba.

Mu ma muna da gwanaye. Duk wanda ya taɓa riƙe allon zayyana, ko Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da hannu, ya san muna da masu ido a kan tazara da launi da kaurin layi. Amma samfurin haruffan kwamfuta na ajami salon Kano, mai suna Alkalami, ƙungiyar SIL ce daga waje ta fitar da shi. Na gode musu, sai dai abin ya tsaya mini a rai.

Ina roƙon Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman ta buɗe kwas na 'yan watanni, ta nemi taimakon malaman zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ta haɗa alaramma da yaron shagon bana a aji ɗaya. Aikin farko ya zama allon gargaɗin ambaliya da boko da ajami, da sandar awon ruwa mai launi uku a bakin kogi. A kai su kasuwar kifi a nuna wa masunta da dillalai. Wanda ba su gane ba a mayar da shi aji a sake.