Gumaka ne, in ji ku?

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai cewa kayan Bura "gumaka ne, a bar Nasara su kwashe", ina da magana da shi.

A 1975 aka tsinci kawunan yumɓu a Bura, can wajen Tera. A 1983 Boubé Gado na IRSH, a nan jami'armu ta Yamai, ya tona wurin. Ya tarar da tuluna ɗaruruwa a kife, wasu da siffar kan mutum a bisa, ƙarƙashinsu ƙasusuwan mamata. Makabarta ce, jama'a! Ta mutanen da suka zauna ƙasar nan tun wajen ƙarni na 3. Cikin abin da aka samu har da mahayin dokin nan da ya yi suna.

A 1993 aka baje kayan a Paris, wajen nunin "Vallées du Niger". Daga nan idon dillalai ya buɗe, aka faɗa wa kaburbura da diga da shebur. Kafin 2000 ta wuce, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerin abubuwan da ake sata, tare da na Nok a Najeriya.

To wa ya riƙe digar? Ba Bature ba ne. Manomi ne da damina ta ƙi, aka miƙa masa 'yan jikkuna. Shi ban ga laifinsa sosai ba, yunwa ba ta da kunya. Wanda nake zargi shi ne dillalin birni mai babbar riga, da mu masu karatu da muka yi gum. Doka tana nan tun 1997, wa ya taɓa karanta ta a cikinmu?

Ɓarnar ma ta wuce sata. Tulun da aka fizge ba a rubuta zurfinsa ba, ba a san me ke gefensa ba, ya zama bebe. Ana iya liƙa masa Bura ko Nok, kai har Mambila ta iyakar Kamaru, mai saye a Brussels ba ruwansa.

Babu wanda ya ce a yi wa yumɓu sujada. Amma in wani ya shiga makabartar Yantala da shebur yana neman abin sayarwa, wallahi ba zai kai magariba ba. Su na Bura ba su da jikoki ne?