Kwalbar Kawu da tukunyar mutanen Finlan

Idan aka sauko daga Juma'a a babban masallacin Zongon Kwatano, titi kan cushe da 'yan zemijan, wato masu babur na haya, masu rigar ruwan ɗorawa, ga masu tallar turare da carbi da dabino. A cikin wannan hada-hadar ce wani saurayi tsaf-tsaf, riƙe da jakar hannu, ya tari kawuna ya sayar masa da kwalba. Da na je gaishe shi bayan la'asar na tarar da ita a kan tabarma, tsakanin buta da rediyo. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kai ka yi boko, karanta mini. Yaron ya ce tana gyara fatar ƙwayoyin jiki, wai ta nan tsufa yake shiga." Na tambayi kuɗinta. Jaka goma sha biyar ta sefa, kuma wata ɗaya za ta yi.

Kawu ya haura sittin da biyar. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana safarar albasa daga arewa zuwa kasuwar Dantokpa, kuma har yau bai rabu da taba sigari ba. Na juya kwalbar na karanta Faransancin da ke bayanta: bitamin E, sinadarin beta-karotin, da wasu sunaye. Da idona ya sauka kan beta-karotin, gabana ya faɗi, domin na tuna da abin da ya faru a ƙasar Finlan.

Sai dai a yi wa saurayin adalci, ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kusan tiriliyan 30, kuma kowace tana naɗe cikin wani tantani wanda shi ne katangarta, shi ne kuma ƙofarta. Siririn gaske ne, sai an jera kamar dubu goma kafin su kai kaurin silin gashi. A 1925 wasu masana biyu a Holan, Gorter da Grendel, suka tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka auna, suka gano cewa tantanin nan maiƙo ne ninki biyu. Daga baya aka fahimci cewa ba a daskare yake ba, yana motsi kamar mai a kan ruwa, sunadarai na yawo a cikinsa suna shigar da abinci da gishiri, suna fitar da shara. Ƙwayar jini ɗaya kan lanƙwashe ta kurɗa ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, haka take yi har kusan kwana 120. Idan tantaninta ya sandare, saifa ta kama ta ta kawar. Duk gidan da ke da mai sikila sun san abin da sandarewar ƙwayar jini ke jawowa. Kuma tabbas irin man da mutum ke ci yana shiga ginin wannan tantani.

A 1956 wani likita Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa tsufa yana kama da tsatsa. Iskar oksijin da muke shaƙa tana barin wasu ɓurɓushi masu cin abin da suka taɓa, kuma maiƙon tantani na daga cikin abin da suka fi ci, kamar yadda man gyaɗa kan daɗe a buɗe ya canja wari ya riƙa maƙaƙi a wuya. Bitamin E kuwa a cikin tantanin yake zaune, aikinsa tare wannan ɓarna. An kuma lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da kansa ba. Sai lissafi ya zo da sauƙi: a ciro abin da ke cikin ganyen, a dunƙule shi a kafso, a haɗiya. Manyan likitoci ma sun yarda da wannan lissafi, balle ɗan talla a bakin masallaci.

Mutanen Finlan ba su tsaya ga yarda ba, sai suka gwada. Daga 1985 zuwa 1993, hukumar lafiyar ƙasar tare da cibiyar binciken kansa ta Amurka suka ɗauki maza 29,133 masu shan taba, 'yan shekara 50 zuwa 69. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu bitamin E, wasu beta-karotin, wasu duka biyun, wasu kuma ƙwaya ta bogi wadda ba komai a ciki, ba wanda ya san me yake sha. Da sakamako ya fito a 1994, masu binciken da kansu suka girgiza. Kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin masu shan beta-karotin, mace-mace ma sun ƙaru da kashi 8. Bitamin E bai kare huhun kowa ba. Wasu suka ce ƙila tsautsayi ne. Sai ga wani gwaji a Amurka mai mutum fiye da 18,000, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, an dakatar da shi a Janairun 1996 tun lokacinsa bai cika ba, domin kansar huhu ta ƙaru da kashi 28 a cikin masu shan beta-karotin haɗe da bitamin A. A 2011 kuma, gwajin maza fiye da 35,000 ya nuna cewa bitamin E mai yawa ya ƙara kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17.

Ashe ɓurɓushin da ake kira tsatsa ma suna da aikinsu, da su jiki ke kashe ƙwayoyin cuta, da su yake aika saƙo tsakanin gaɓoɓinsa. Abin da karas ko manja ke bayarwa kaɗan-kaɗan, a cakuɗe da ɗaruruwan abokansa, daban ne da wanda aka ware shi kaɗai aka ninka aka ɗura wa huhun da hayaƙi ya riga ya ƙona.

Abin da ya fi burge ni da Finlan shi ne, ƙasar ta yi wani gwajin na daban, shi kuma a tukunya. A farkon shekarun 1970, lardin Kareliya ta Arewa na cikin wuraren da ciwon zuciya ya fi kashe maza a duniya. Manoma ne da masu saran itace, majiya ƙarfi, amma sai mutum ya faɗi yana ɗan arba'in da wani abu ya bar marayu. Abincinsu man shanu ne da madara mai kauri da nama mai kitse da gishiri, ga taba. A 1971 shugabannin lardin suka rubuta wa gwamnati takardar kuka, a 1972 aka fara aiki ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Ba a raba wa kowa kwalba ba. An shiga ƙauyuka, an zauna da ƙungiyar matan gida ta Martta aka sake fasalin girki, a rage man shanu, a ƙara ganye, a rage gishiri. An lallashi masu burodi da mahauta. An taimaki manoma su koma noman ƙananan 'ya'yan itatuwa da man tsiro. Ma'aikatan jinya suka riƙa auna hawan jini suna bin sawun masu shi, aka yi shirye-shiryen barin taba a talabijin. Cikin shekara arba'in, mutuwar ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80, kuma mafi yawan raguwar daga saukar kitsen jini da hawan jini da shan taba ta zo.

Kwatano ta san yaƙi da maganin banza. A nan ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kiransa kan jabun magunguna a Oktoban 2009, kuma a Fabrairun 2017 jami'an tsaro suka rufe Adjégounlé, sashen magani na Dantokpa, suka kwashi tan-tan na ƙwayoyi. Amma kwalbar Kawu ta fi waɗancan ƙwayoyin wuyar kamawa, domin mai yiwuwa abin da aka rubuta a bayanta shi ne a ciki. Jabun yana cikin alkawarin. A Amurka ma, inda da yawan irin waɗannan kwalabe ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar kayansa na aiki kafin ya sayar ba. Ga shi kuma yanzu ta WhatsApp ake tallarsu, ta hannun ɗan'uwa ko maƙwabciya da ake jin nauyin ƙi.

Ban ce duk ƙarin sinadari banza ba ne, Allah ya kiyaye. Mai juna biyu tana buƙatar ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake ba ta a awo. Ɗigon bitamin A da ake ba yara ya ceci rayuka da idanu masu yawa. Gishiri mai aidin ya rage maƙoƙo. Tsoho, musamman wanda ya daɗe yana shan metformin saboda ciwon suga, kan rasa bitamin B12, kuma likita na iya aunawa ya ba shi. Duk waɗannan gurbi ne da aka san babu, aka cike. Wanda ba ya rasa komai, ƙari ba ya mai da shi yaro.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan ginin tantanin nan suna zube a gabanmu. Ga teku, ga tafkin Nokoué, ƙananan kifaye masu mai irin sadin sun fi kafson man kifi araha nesa ba kusa ba. Ga gyaɗa da riɗi da wake da zogale da rama. Manja ɗanye cike yake da karotin da bitamin E, amma mu kan ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koɗe, mu ƙone alherinsa. Na tsaya gaban kaskon ƙosai da safe na ga mai ya yi baƙi ƙirin, an soya na jiya da shekaranjiya a cikinsa, sai dai a ƙara sabo a kan tsoho. Wannan ita ce tsatsar da Harman ya faɗa, da kuɗinmu muke saye. Miya ɗaya kuma sai a jefa mata dunƙulen magi uku a bi da gishiri, an ture daddawa gefe.

Na faɗa wa Kawu labarin Finlan kamar yadda na iya. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To, kuɗin dai sun tafi." Na ce, "Na wannan watan ne suka tafi, Kawu." Ya turo mini kwalbar ya ce in tafi da ita. Gwaggo da ke sauraronmu daga bakin madafa ta ce ita dama ta faɗa masa jaka goma sha biyar ta isa kifin sati biyu. Washegari da safe muka hau zemijan biyu muka je aka auna masa jini. Ya hau sosai, bai kuwa taɓa sani ba, sai ciwon kan da yake ɗora wa rana. Likita ya rubuta masa magani ya ce ya dawo bayan sati biyu. A hanyar dawowa na sake tada maganar taba. Ya ce, "Ɗana, wannan sai a hankali, shekara arba'in muna tare." Amma da muka iso ƙofar gida ya sa hannu a aljihu ya taɓa kwalin, sai ya fasa, ya shige ciki yana tambayar Gwaggo ko ta je kasuwa.