Kada Mu Kashe 'Yan Gadin Gonarmu

Manoman Ikara da Makarfi da Kudan ba su manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsa ta auka wa tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Cikin shekarar nan kuma aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara a Nijeriya. Dukansu biyu daga nahiyar Amurka suka fito. Tun daga sa'an nan, da manomi ya ga tsutsa sai ya saɓi injin feshi. Ba mu ga laifinsa ba, amma akwai abin da muke so jama'a su duba.

Cikin ƙasar gona akwai 'yan ƙananan mafarauta, kamar su gizo-gizo da shanshani da tururuwa, waɗanda 'yan'uwansu ƙwari ne abincinsu. Tsutsar masara in ta ƙoshi, ƙasa take shiga ta kwanta kafin ta rikiɗa ta yi fiffike, ta tumatir ma sau da yawa haka take yi. To, a nan ne mafarautan nan ke samunsu.

Sai dai masana sun gano cewa ƙarfin da ke cikin abinci, kimanin kashi 1 cikin 10 kaɗai ke wucewa daga wanda aka ci zuwa jikin wanda ya ci. Saboda haka mafarauci ba ya yawa, kuma galibi ba ya saurin girma. Dubi kurkudu, mai haƙa ɗan rami cikin rairayi. Yakan kwanta shiru ya yi watanni bai ci kome ba, ya shekara ko fiye kafin ya yi fiffike. Wani shanshanin yakan yi shekaru a duniya. Tsutsar tumatir kuwa cikin wata guda ta gama girma, macen kuma tana iya yin ƙwai fiye da 200.

Watau in an yi wa gona feshi barkatai, ko an cinna wa shara wuta, ɓarawo da mai gadi duk sun halaka. Amma ɓarawo zai komo bayan wata guda, mai gadi kuwa sai an daɗe. Manomi ya sāke sayen magani, asara ta bi asara.

Ba mu ce a bar feshi ba. Abin da muka ce, a duba gona tukuna, a nemi shawarar malamin gona, a bi ma'aunin da aka rubuta, a kuma bar kara da ganye su ruɓe a gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ba nisa gare ta ba.

Malaman makaranta su kai yara gona su ɗaga busasshen ganye su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. Akawuna kuma su riƙa tada zancen nan duk inda manoma suka taru. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.