Tallan Yau da Albashin Gobe

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, ya san babu sauran daji a can. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida. Tun cikin shekarun 1960 masu binciken ƙasa suka ga kusan ba a barin gona ta huta a wannan yanki, taki ne kaɗai ke riƙe da ita, ga shi kuwa daga lokacin zuwa yau an sha rabon gado. Saboda haka magidanci ya san gonarsa ba za ta ɗauki 'ya'yansa duka ba, tilas ya nema wa kowanne hanyar abinci. A kan wannan muke so mu yi magana da jama'a, musamman abin da ya shafi 'ya'ya mata.

A takarda dai babu abin kuka. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 17, ya ɗora wa hukuma ta lura a biya lada ɗaya a kan aiki ɗaya, ko namiji ya yi shi ko mace. Malami da malama masu takardar NCE, in matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya ne. Da Gwamnatin Kano ta yanke mafi ƙarancin albashi Naira 71,000 a 2024, ba ta ware wa maza nasu dabam ba.

To, daga ina bambancin ya fito? Ya fito ne tun ba a kai ga teburin biya ba. Yaro akan kai shi wurin tela ko kafinta ko makanike, ko ya bi motar wani, ko ya tafi cin rani, ya yi ciniki da bakinsa a fili. Yarinya kuwa sana'ar uwarta za ta gada, watau ƙuli-ƙuli da fura da daddawa da ɗinkin hula. Sana'o'i ne masu albarka, amma kowane gida a unguwa su ake yi, riba sai ta tsuke, mai ɗinkin hula kuma ba ta ganin mai saye, sai dillali. A kasuwar Dawanau ma mata ne ke gyaran riɗi da zoɓo a kan ladan yini, masu saye su cika mota kuwa kusan duk maza ne.

Wannan cinikin cikin gida, wanda Baturiya Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a 1969, ƙafarsa ita ce yarinya mai talla. Uwa tana cikin kulle, ɗiyarta ce ke kai kaya bakin hanya, ta komo da kuɗi kafin almuru, da su ake zubin adashi, da su ake tara kayan ɗaki. In aka ce a sa ta makaranta, kuɗin yau sun tsaya ke nan, albashi kuwa sai bayan shekara goma sha wani abu, in an sami aikin, sa'an nan ma gidan miji zai shiga. Ba mu tare da masu zama a ofis suna kiran iyayen nan jahilai. Lissafi suka yi, kuma lissafin mai ƙaramin ƙarfi ba ya wuce damina ɗaya.

Claudia Goldin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2023, ta nuna cewa a ƙasashe irin su Amurka yawancin ratar albashi tana buɗewa ne bayan mace ta yi haihuwar fari. Tamu ta riga tasu, tana buɗewa ran da aka ɗora wa yarinya farantin talla.

Gwamnati ta yi ƙoƙari, ba mu musu. An yi UPE a 1976, an kafa dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, Kano kuma ta shelanta ilmi kyauta kuma tilas a 2019. Amma kyauta kuɗin makaranta ta ɗauke, ba ta mayar wa uwa da kuɗin talla ba. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, har da Kano a ciki, ya gane haka, ya sa tallafin kuɗi don 'yammata su zauna a aji. A ganinmu irin wannan kuɗi hannun uwa ya kamata su shiga, kuma a kan kari, domin ita ce ta yi hasara.

Abin da ya fi wannan shi ne a ga aikin da ido. Akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Bichi, akwai makarantar ungozoma a Dambatta. Abin mamaki, mutumin da ba ya yarda namiji ya duba matarsa, shi ne kuma ba ya yarda ɗiyarsa ta koyi ungozomanci! Muna roƙon Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya su riƙa ɗaukar 'yammatan ƙauyukan nan da suka gama karatu, su ajiye kowace a ƙasar Hakiminta, inda aure da goyo ba za su raba ta da aiki ba. Hakimai da Dagatai kuma su taimaka da sunayen waɗanda ke zaune da takarda a akwati, a miƙa wa Ƙaramar Hukuma kafin a sake ɗaukar ma'aikata.