RA'AYI: Zuciyar ɗan tayi ba ta jiran katin awo

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali. Sanarwar ta cancanci yabo, domin duk wanda ya taɓa ganin magidanci yana zagaya dangi neman kuɗin aiki, matarsa kuma tana kan gadon naƙuda, ya san abin da ta ƙunsa. Sai dai tiyata magana ce ta rana ta ƙarshe a tafiyar da ke ɗaukar kimanin mako 40. Makonnin farko na wannan tafiya, inda ake gina zuciya da hanyoyin jinin ɗan tayi, su ne marayun tsarin lafiyar ƙasar nan: ba a yi musu bikin ƙaddamarwa, ba kasafai ake ƙirga su a rahoto ba, kuma a gari irin Gombe yawanci sukan wuce kafin mace ta taka ƙofar asibiti.

Kimanin kwana 22 bayan shigar ciki zuciyar ɗan tayi take fara bugawa. A lokacin uwar ba ta wuce 'yan kwanaki da lura da ɓatan wata ba, wata ma ba ta lura ba tukuna. Kafin kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe, ko kuma ya kasa rufewa. Zuwa ƙarshen wata na biyu zuciyar ta rabu ɗaki huɗu, manyan jijiyoyinta sun kama wurarensu. Idan akwai ƙofar da za ta tashi a karkace ko bangon da zai tashi da huji, a wannan tsakanin abin yake faruwa. A duniya baki ɗaya, kusan jariri ɗaya cikin 100 ne ake haifa da wata tawaya a zuciya.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 18 cikin 100 kacal na matan Nijeriya ne suka fara awo a wata ukun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2016 ta ba da shawarar a ga mai ciki sau takwas, na farko kafin cikin ya wuce mako 12. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce matsalar.

Dalilan jinkirin ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san Pantami ko Bolari ko Tudun Wada. Akwai kunyar cikin fari, wadda ke hana amarya faɗa wa ko da mahaifiyarta. Akwai tsoron bakin mutane, don haka a bar ciki ya yi ƙwari kafin a ji labarinsa. Akwai kuɗin Keke Napep da na gwaje-gwaje, da yinin da za a ɓata a layi, da izinin maigida. Akwai kuma wata fahimta da ta zauna daram, har a tsakanin masu ilimin boko, cewa awo na wadda cikinta ya fito ne, ko wadda ta ji motsi. Motsi kuwa ba a fara jinsa sai wajen wata na huɗu ko na biyar.

Wanda ya fahimci yadda jini ke zagaya jikin ɗan tayi zai gane me ya sa wannan jinkiri yake da tsada. Ɗan tayi ba ya numfashi, huhunsa cike yake da ruwa. Mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya, ita ce huhunsa, ita ce hanjinsa, ita ke kwashe masa dattin jini. Jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya. Wani siririn shamaki ne a tsakaninsu, ta cikinsa iskar oksijin da abinci ke ratsawa zuwa ga ɗa, datti kuma ya fito zuwa ga uwa. A cikin igiyar cibiya akwai jijiyoyi uku: ɗaya tana kai jini mai kyau, biyu suna mayar da wanda aka gama amfani da shi.

Da yake huhu ba ya aiki, an yi wa jinin hanyoyin yanke guda uku. Ta farko tana kewaye hanta, ta kai wani kaso na jinin cibiya kai tsaye zuwa zuciya. Ta biyu wata 'yar taga ce a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu na zuciya, wadda jini mafi tsabta ke bi ya tsallaka ɓangaren hagu, daga nan ya haura ƙwaƙwalwa. Ta uku wata gajeriyar gada ce da ta haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki, don yawancin jinin da ya nufi huhu ya karkata ya wuce. Har jinin kansa na daban ne: sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jinin ɗan tayi ya fi na babba ƙarfin riƙo, shi ya sa yake iya jawo iskar daga jinin uwarsa. Wannan sinadari ne ma ke sa yaron da ya gaji sikila ya yi watanninsa na farko garau, sai ya fara raguwa ciwon ya bayyana.

Duk wannan tsari a kan abu guda ya rataya, wato abin da uwa ke iya turowa mabiyiya. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, kuma gab da haihuwa fiye da rabin lita na ratsa mahaifa a kowane minti. Idan jinin uwa ya yi ƙaranci, ko hawan jini ya matse jijiyoyin mahaifa, ko ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suka yi dandazo a mabiyiya, sai ɗan tayi ya shiga tsimi. Yakan karkatar da ɗan abin da ya samu zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda da hanji da gaɓoɓi. Sakamakon shi ne jaririn da ake haifa ɗan mitsitsi alhali watanninsa sun cika, ko bakwaini, ko kuma wanda bai zo da rai ba. Binciken nan na 2018 ya samu kashi 61 cikin 100 na masu ciki a ƙasar nan da ƙarancin jini.

Abin takaici, ƙwayoyin zazzaɓin nan sun fi samun sakewa a mabiyiyar mai cikin fari, domin jikinta bai taɓa koyon yaƙarsu a wannan wuri ba. Ke nan cikin da al'ada ta fi ɓoyewa shi ne ya fi buƙatar a gan shi da wuri.

Magungunan kare waɗannan abubuwa na cikin mafi araha a duk harkar lafiya. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Fansida daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku. Gidan sauro. Awon hawan jini da gwajin fitsari. Ga wadda likita ya ga tana cikin haɗarin jijjiga, ɗan ƙaramin asfirin da ake farawa tun kafin mako na 20, lokacin da jijiyoyin mabiyiya ke kafuwa. Kowanne daga ciki yana da lokacinsa, kuma matar da ta buɗe kati a wata na shida ta riga ta rasa wani kaso na amfaninsa.

Mai musu zai iya cewa ko da mace ta zo a mako na 12, ai zuciya ta riga ta ginu, laka ta riga ta rufe. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa wani ɓangare na aikin dole ya faɗo kafin ciki. Folik asid na kare laka ne idan an fara shan sa tun kafin a ɗauki ciki. Mai ciwon suga na buƙatar daidaita sugarta kafin ciki, domin hawansa a makonnin farko na ƙara haɗarin tawayar zuciya. Cutar rubela, mai kama da ƙyanda, idan ta kama uwa a farkon ciki tana iya barin jariri da kurumta da yanar ido da gadar zuciyar da ta ƙi rufewa, maganinta kuma rigakafi ne tun ana yarinya. Hanyar isa ga matan nan ma a buɗe take. Gwajin jini kafin aure ya fara zama ruwan dare a biranen Arewa, iyalai da limamai da dama suna neman takardarsa kafin ɗaurin aure. Ma'aikaciyar da ke miƙa sakamakon sikila za ta iya miƙa ƙwayar folik asid tare da bayanin minti biyu, idan an rubuta hakan cikin ƙa'idar aikinta, aka kuma ajiye mata maganin.

Gombe ba ta rasa gine-gine ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a kan hanyar Ashaka, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya kuma ta ce ta gyara cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin 114 da jihar ke da su. Akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth. Akwai Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗaɗen shiga na gwamnatin tarayya. Jihar ta ma taɓa gwada shirin mata ma'aikatan lafiya na ƙauye masu bin gida-gida, waɗanda ke iya jin sirrin da amarya ba za ta faɗa a layin asibiti ba. Abin da ya rage shi ne tambayar da ake yi wa waɗannan cibiyoyi a ƙarshen wata.

Nan ne maganar ta shafi masu rubuta takardun ofis a Abuja. Shugabar cibiya a Herwagana ko Nafada za ta himmatu ne a kan lambar da aka fi tambayarta. Idan abin da ke kai wa teburin minista shi ne yawan matan da suka zo awo ko da sau ɗaya, to wadda ta zo a wata na takwas da wadda ta zo a na biyu duk ɗaya ne a takarda. Idan kuwa aka ɗaura wani kaso na kuɗin asusun a kan yawan waɗanda suka zo kafin mako na 12, za a ga tsinken gwajin ciki kyauta a kan tebur, za a ga ranar da aka ware wa masu ƙaramin ciki ba tare da sun zauna a benci ɗaya da surukarsu ko maƙwabciyarsu ba. Kunya ba ta gushewa da lacca a rediyo, amma ana iya tsara ƙofar da mai kunya za ta bi.

Gwamnatin tarayya ma, a matsayinta na mai ɗaukar ma'aikata, tana da nata gyaran. Hutun haihuwa na mako 16 da ake bai wa ma'aikaciya, da na kwana 14 da aka amince wa maza a 2021, duk a gefen haihuwa suke. Ma'aikaciyar da ke son zuwa awo a wata na biyu sai ta nemi alfarmar shugabanta, wato sai ta tona abin da ba ta shirya faɗa ba, ko ta ƙirƙiro wani uzuri. Takardar umarni guda daga ofishin Shugaban Ma'aikata da ke ba da ranakun awo ba tare da dogon bayani ba ta isa ta warware wannan.

Sai ranar da tsarin jinin ke juyewa. Da jariri ya yi kukan farko huhunsa ya buɗe, jini ya kwarara cikinsa, matsin ɓangaren hagu na zuciya ya rinjayi na dama, sai 'yar tagar nan ta rufe kamar ƙyauren da iska ta turo. A wajen kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ta mannewa gaba ɗaya, yawancinsu kuma har su tsufa ba su sani ba. Gadar kuwa takan tsuke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abubuwa uku ke biyo bayan wannan sani. Na farko, kada a yi gaggawar ɗaure cibiya: jinkirin minti ɗaya zuwa uku na barin jinin da ya rage a mabiyiya ya koma jikin jariri, ya ba shi ajiyar sinadarin ƙarfe na watanni, kuma ba ya cin ko kwabo. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, waɗanda mai tsohon ciki ke saya a kemis don ciwon baya, suna iya tsuke gadar nan tun jariri yana ciki. Mai kemis a Jekadafari ya kamata ya san haka kafin ya miƙa.

Na ukun ya fi ɗaci. Akwai jariran da aka haifa da irin tawayar zuciyar da gadar ce kaɗai ke riƙe da rayuwarsu. Sukan fito lafiya lau a ido, su kama nono, a sallami uwar bayan 'yan sa'o'i. Kwana biyu ko uku gadar ta rufe, leɓe ya canza launi, numfashi ya yi sama-sama, kafin ranar suna an yi jana'iza, a ce sanyi ne ya shige shi. 'Yar na'urar auna oksijin da ake maƙala wa jariri a hannu da ƙafa bayan ya cika kwana ɗaya tana gano da yawa daga cikinsu. Hakika aikin zuciyar jarirai na da tsada, cibiyoyin da ke yin sa a Nijeriya kuma 'yan kaɗan ne. Amma na'urar nan ita ce kuma ke tona ciwon huhu da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, waɗanda oksijin da allura ke warkarwa a nan Gombe. Sharaɗinta shi ne uwa da jariri su kwana a asibiti sa'o'i 24 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada, wanda ke nufin gado, da wuta, da ungozomar da za ta yi aikin dare. Waɗannan ukun ne ya kamata hadimin da ke duba kasafin cibiyoyin mazaɓu 114 ya nema a jerin abubuwan da aka ware wa kuɗi.