NAZARI: Motocin turbo na ƙaruwa a Najeriya, amma famfon mai ba ya faɗa wa direba abin da yake saya

A watan Fabrairun 2025 wani faifan bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta a Najeriya. Wani mutum ya ajiye ƙananan janareta biyu, ya zuba wa ɗaya fetur ɗin da ya ce ya saya a gidan man da ke sayar da kayan matatar Dangote, ɗayan kuma wanda ya ce na gidan man NNPC ne, sannan ya tayar da su yana duba agogo. Kamfanin NNPC ya yi watsi da gwajin, ya ce ba shi da tushe a kimiyyance, ya ƙara da cewa kaso mai yawa na fetur ɗin da yake sayarwa a Legas daga matatar Dangoten yake fitowa.

Gaskiya ne cewa janareta biyu da agogo ba sa auna ingancin mai. Sai dai yadda jama'a suka rungumi bidiyon ya fallasa wani giɓi: mai mota a Najeriya ba shi da wata hanyar sanin abin da ake zuba masa a tanki. Famfon gidan mai yana nuna farashi da adadin lita, daga nan sai shiru. Shekaru da dama wannan shirun bai dami kowa ba, domin tsofaffin injuna suna da haƙuri. Motocin da ke shigowa yanzu ba su da wannan haƙurin.

Abin da turbo ke buƙata daga mai

Turbo ƙaramar farfela ce da hayaƙin da ke fita daga inji yake juyawa, ita kuma ta juya wata farfelar da ke matsa iska zuwa cikin silinda. Yawan iska yana ba da damar ƙona mai da yawa a ƙaramin wuri, shi ya sa injin lita 1.5 mai turbo kan yi aikin da a da sai injin lita 2.4 yake yi. Kamfanonin ƙera motoci sun koma wannan fasaha ne saboda dokokin rage hayaƙi da rage shan mai a Turai da Amurka da China.

Amma iskar da aka matsa tana yin zafi, kuma zafi da matsi suna iya sa wani ɓangare na man da ke cikin silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta isa gare shi. Wannan fashewar tana dukan kan fistin kamar guduma, tana fitar da ƙara irin ta ƙwanƙwasar ƙarfe. Ta bambanta da abin da bakanikai ke nufi idan suka ce inji ya buga, amma idan ta daɗe tana faruwa, can take kai mai mota.

Ma'aunin juriyar fetur ga wannan fashewa shi ake kira lambar oktan. Ba ta nufin man ya fi ƙarfi ko ya fi daɗewa a tanki, tana nuna iya matsin da zai jure kafin ya kama da kansa. Motocin zamani suna da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar, kuma da zarar ta ji ta, kwamfutar motar za ta jinkirta wutar fulogi ta kuma rage matsin turbo. Injin zai tsira, amma ƙarfinsa zai ragu, shan mai zai ƙaru, hayaƙin da ke bi ta cikin turbo zai ƙara zafi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, iskar tana shiga injin da zafinta tun daga waje, don haka kwamfutar tana yawan ja da baya.

Lambobi biyu da ke rikita masu saye

Akwai ma'auni biyu a duniya. Turai da Afirka da yawancin Asiya suna amfani da RON. Amurka da Kanada suna rubuta wata lamba dabam a famfunansu, wadda kan yi ƙasa da RON da maki huɗu zuwa shida. Fetur mai lamba 87 a Amurka ya yi kusa da RON 91, mai lamba 91 kuma ya yi kusa da RON 95.

Ƙa'idar Najeriya ta sa RON 91 a matsayin mafi ƙaranci, kuma mafi yawan gidajen mai nau'i ɗaya kawai suke sayarwa. Wanda ya sayi Mercedes C300 ƙirar 2015 zuwa sama daga Amurka zai ga an rubuta 91 a murfin tanki, ya ɗauka man Najeriya ya ishe shi, alhali abin da kamfanin ke nufi shi ne RON 95. A gefe guda, Honda Accord ta 2018 mai injin turbo lita 1.5 an tsara ta ne ta yi aiki da 87 na Amurka, wato tana iya rayuwa da RON 91, matuƙar man ya kai lambar da gaske.

Wannan matsala za ta ƙaru ne, saboda yanayin kasuwar kanta. Jerin kayayyakin da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su ya haɗa da motocin da suka wuce shekara 12 da ƙerawa. Duk shekara wannan iyaka tana matsawa gaba zuwa cikin zamanin da turbo ya zama ruwan dare. Honda ta sa shi a Civic daga 2016 da CR-V daga 2017. Toyota ta ajiye injin V8 a Land Cruiser a 2021 ta maye gurbinsa da V6 mai turbo biyu, ta kuma yi irin haka ga Highlander a 2023 da injin silinda huɗu. Motocin China da ke samun kasuwa, irin su GAC da Changan da Geely, da yawansu da ƙananan injunan turbo suke zuwa. Motar gwanjo da matashin ma'aikaci zai iya saya nan da 'yan shekaru, mai yiwuwa turbo ce, ko ya so ko bai so ba.

Zaɓin da babu shi a ƙasa

A ƙasashen da ake da masu haɗa injunan turbo don gudu, tambayar farko kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya ita ce: wane mai za a samu a kullum? Amsar ce ke yanke girman matsin da za a ba turbo, da irin fistin, da girman bututun feshin mai, da yadda za a saita kwamfuta. Wasu sukan zaɓi RON 98. Wasu sukan zaɓi E85, gaurayen da mafi yawansa sinadarin itanol ne, wanda lambarsa ta haura 100 kuma yake sanyaya silinda, ko da yake sai an ƙona kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur kafin a yi tafiya ɗaya. Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai tun 2007 da burin gauraya kashi 10 na itanol a fetur, amma har yau direba ba ya ganin famfon itanol a hanyar Kaduna zuwa Kano.

Abin da ya rage ga masu mota shi ne 'yan kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin manganis, wanda ke ɗaga lambar amma yake barin jan ƙura a kan fulogi da na'urar tace hayaƙi. Maganin yakan zama wata cutar.

Sai iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa mata shiri na musamman a 2023. A takarda, ita ce mafi dacewa da turbo, domin lambar oktan ɗinta ta kai kusan 120, kuma turbo yana cike giɓin ƙarfin da gas kan jawo a injin da ba shi da shi. Amma yawancin sababbin injunan turbo suna fesa fetur kai-tsaye cikin silinda, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya bakin bututun feshin. Idan aka yanke shi gaba ɗaya aka koma gas da kayan juyi na gama-gari, bakin bututun yana iya ƙonewa. Irin waɗannan injuna suna buƙatar kayan juyi na musamman da ƙwararren hannu. Tukunyar kuma tana ɗaukar matsi kusan bar 200, kuma fashewar da aka yi a wani gidan sayar da gas a birnin Benin a watan Oktoban 2024, wadda jami'an shirin suka ɗora alhakinta a kan tukunyar da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ta nuna abin da ganganci ke haifarwa. A Arewa ma, yaɗuwar gidajen gas ta dogara sosai da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 kuma ya sha jinkiri.

Darasi daga 2022 da kuma Ghana

A farkon 2022 Najeriya ta ɗanɗani abin da ke faruwa idan ma'auni ya yi barci. An shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Motoci sun lalace, an janye man daga kasuwa, dogayen layuka suka mamaye Legas da Abuja na tsawon makonni. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da tashar saukewa bai haɗa da auna yawan metanol ba. Metanol yana da araha kuma yana ɗaga lambar oktan, amma yana cin roba da alminiyam, ƙarfinsa kuma kusan rabin na fetur ne. Ke nan mai zai iya cika lambar da doka ta nema ya kuma kashe inji.

Ghana ta ga nata a ƙarshen 2023, lokacin da masu motoci suka yi ta kukan mutuwar fulogai. Hukumar kula da harkar mai ta ƙasar ta amince cewa fetur ɗin da aka shigo da shi yana da manganis kusa da iyakar miligiram 18 a kowace lita da dokarsu ta yarda, ta kuma ambaci motocin turbo cikin waɗanda masu ƙera su ke gargaɗi a kan sinadarin. Ta umarci masu shigo da mai su sauko zuwa miligiram 6 a fetur na gama-gari da 2 a mai daraja. Abin lura shi ne man bai karya doka ba, dokar ce motoci suka wuce. Direban Ghana kuma yana da zaɓi tsakanin RON 91 da RON 95 a gidajen mai da dama. Idan gemun maƙwabci ya kama da wuta, sai mutum ya shafa wa nasa ruwa.

Rigimar farar wuta

Ɗaya ɓangaren ingancin mai shi ne sinadarin salfa, wato farar wuta, wanda ke lalata na'urar tace hayaƙi, ya gurɓata baƙin man da farfelar turbo ke juyawa a kansa sau fiye da 100,000 a minti ɗaya, ya kuma cutar da huhun mazauna birane. Tarayyar Turai ta tsayar da iyakarsa a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 ya tona yadda 'yan kasuwa ke haɗa mai mai datti musamman don Afirka. A 2020 ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Holan ta hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta bi sahu a 2024.

A watan Yulin 2024, shugaban hukumar NMDPRA na lokacin, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida, ciki har da na Dangote, yana da salfa tsakanin 650 zuwa 1,200. Aliko Dangote ya mayar da martani da gwaji a ɗakin binciken matatarsa a gaban 'yan Majalisar Wakilai, inda nasa ya nuna ƙasa da 90, samfuran da aka sayo daga wasu gidajen mai kuma suka haura 1,800. Hukuma ta faɗi nata, ɗan kasuwa ya auna kansa da kansa, mai saye kuma ya tsaya yana kallo babu alƙalami mai zaman kansa da zai dogara da shi.

Wa ke zaɓar man?

Lokacin da gwamnati ke biyan tallafi, ana iya cewa wanda aka yi wa rangwame ba ya tsawaita tambaya. Wannan uzurin ya faɗi ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024. Ɗan Najeriya yana biyan farashin kasuwa, amma cinikin biri a sama yake yi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ɗora wa NMDPRA alhakin ingancin mai, hukumar SON ce ke tsara ƙa'ida, hukumar FCCPC kuma tana da hurumin kare haƙƙin mai saye na samun bayani. A Amurka doka ta wajabta liƙa lambar oktan a jikin kowane famfo. NMDPRA za ta iya wajabta irin wannan, ta riƙa ɗibar samfuri daga gidajen mai ba tare da sanarwa ba, ta wallafa sakamakon oktan da salfa da manganis da metanol jiha bayan jiha. Samuwar matata mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana a Lekki ta kuma sa sayar da nau'i na biyu mai RON 95 ya zama abu mai yiwuwa, ga wanda motarsa ke buƙata kuma zai iya biya.

Kafin hakan, abin da ya rage ga mai niyyar sayen mota shi ne ya buɗe murfin tanki ya karanta lambar, ya tantance ko ta Amurka ce ko RON, ya guji man 'yan bumburutu, ya kuma yi hattara da duk bakaniken da ya yi masa tayin ƙara matsin turbo ba tare da ya tambayi inda yake shan mai ba. Sauran aikin na 'yan majalisar da suka je Lekki kallon gwaji ne: su nemi NMDPRA ta kawo sakamakon gwaje-gwajenta a rubuce, su kuma sa ranar da lambar oktan za ta fara bayyana a jikin famfo.